Yaro ya yi gudu, manya sun rubuta masa bashi

A watan Agustan 2025 na kalli wani tsere a waya har sau huɗu a jere. Mita 800 ne, zagaye biyu na fili, a gasar ƙasa ta Amurka da aka yi a garin Eugene na jihar Oregon. Saura rabin zagaye a gama, ga wani yaro can baya, a tsakiyar ƙattin da wasunsu suka ba shi shekara goma. Suna shan kwanar ƙarshe sai ya buɗe ta waje, ya riƙa wuce su ɗaya bayan ɗaya kamar an taka musu birki. Ya zo na biyu, bayan Donavan Brazier, a minti 1 da daƙiƙa 42.27. Sunansa Cooper Lutkenhaus, a lokacin shekarunsa 16, ɗan makarantar sakandare a jihar Texas. Gumi bai gama bushe masa ba mutane suka fara lissafa masa zinaren Olamfik. A watan Satumba ya je gasar duniya a Tokyo, aka fitar da shi tun a zagayen farko.

Ni ban ga abin kunya ba a wannan faɗuwa, yaro ne ya shiga cikin manya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗabi'ar da ta kama masu bibiyar gudun matsakaicin zango a Amurka, inda da zarar ɗan sakandare ya yi wani lokaci mai ban mamaki, sai a mayar da shi bashi a kansa, a zauna ana jiran ranar biya.

Don a gane inda abin ya samo asali, sai an koma kan mil. Mil ɗaya mita 1,609 ne, zagaye huɗu na fili da 'yan taku. Tun da Roger Bannister ya yi shi a ƙasa da minti huɗu a Oxford, ranar 6 ga Mayun 1954, wannan iyaka ta zama ma'aunin da ake gane gwani da shi. Shekara goma bayan haka wani ɗan sakandare daga Wichita ta jihar Kansas, Jim Ryun, ya yi 3:59.0. Abin dariya, na takwas ya zo a tseren, amma shi duniya ta riƙe. Shekara na zagayowa ya yi 3:55.3, ya doke Peter Snell na New Zealand, wanda a lokacin yake riƙe da zinaren Olamfik. Tim Danielson ya biyo baya a 1966, Marty Liquori a 1967, daga nan sai ƙofa ta rufe. Fiye da shekara talatin ba a sake samun ɗan sakandaren Amurka da ya tsallaka ba, sai Alan Webb a 2001, wanda ya yi 3:53.43 a tseren da Hicham El Guerrouj na Maroko ya lashe. Lukas Verzbicas ya zo a 2011. Ka ƙirga da yatsun hannu ɗaya: mutum biyar a cikin shekara hamsin.

A shekarar 2022 kaɗai an samu biyar. Yanzu jimillarsu ta haura ashirin.

Ba wai yaran yanzu an haife su da huhu uku ba ne. Wajen 2020 takalman tsere suka canza, aka fito da masu soso mara nauyi da faranti mai tauri a ƙasa, waɗanda ke mayar wa ƙafa da wani ɓangare na ƙarfin da ta zuba, har sai da hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ƙayyade kaurinsu. Ga kuma tseren da ake shiryawa musamman don farautar lokaci, da dare bayan iska ta kwanta, a tara zaƙaƙuran yara daga jihohi daban-daban, a sa musu mai jan gaba. Turawa "zomo" suke ce masa: ya ja su zagaye biyu ko uku a daidai saurin da ake so, ya kare musu iska, sannan ya ratse gefe. Sirrin horo ma ya daina zama sirri, domin abin da gwanayen Norway ke yi da safe, kafin yamma kocin wata ƙaramar makaranta ya karanta shi a intanet. Duk wannan ci gaba ne, ba na ƙinsa. Sai dai 3:58 ta yau da 3:59 ta Ryun, wanda ya girma yana gudu a kan filin toka, ba kuɗin ƙasa ɗaya ba ne, kuma masu zumuɗi sun ƙi yin canji.

Illar ta faɗa wa yara ta fuska biyu. Wanda ya yi 4:06, wanda a shekarun 1990 da an san sunansa a ko'ina cikin ƙasar, yau yana iya komawa gida yana jin bai tsinana komai ba, saboda wayarsa na nuna masa jerin tsaransa da suka wuce shi. Shi kuwa wanda ya tsallaka, daga ranar ya daina zama yaro. Kowane tserensa na gaba jarrabawa ce. In ya yi 4:01 sai a ce me ya same shi.

Mu Hausawa mukan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A wannan fage dai karin maganar tana yawan ba da kunya. Dubi tseren mita 1500 na Olamfik ɗin Paris a 2024. Cole Hocker na Amurka ya ci zinare a 3:27.65, ya bar Josh Kerr da Jakob Ingebrigtsen suna kallon bayansa. Hocker gwani ne tun yana sakandare a Indianapolis, amma bai tsallaka minti huɗu ba kafin ya gama. Yared Nuguse da ya ci tagulla a tseren, shi ma haka, kuma shi ne ya karya tarihin mil na Amurka a 2023 da 3:43.97. Matthew Centrowitz da ya ci zinaren 2016 a Rio, shi ma bai tsallaka ba yana ɗalibi. Wato zinare biyu da Amurka ta ɗauka a wannan zango a zamaninmu, duka hannun waɗanda ba sa cikin jerin 'yan baiwar nan suka faɗa.

Kada in yi son kai, akwai waɗanda Larabarsu ta faɗi gaskiya. Grant Fisher ya yi ƙasa da minti huɗu a 2015, ya kuma dawo daga Paris da tagulla biyu, a mita 5,000 da 10,000. Hobbs Kessler ya yi 3:57.66 a 2021, ya zo na biyar a tseren da Hocker ya lashe. Amma ka lura da su biyun. Fisher ɗan ƙwallon ƙafa ne har kusan ƙarshen sakandare, ya kuma yi shekarunsa na jami'a cif a Stanford, tagullar tasa sai da ta ɗauki shekara tara. Kessler kuwa hawan duwatsu ya fara sa a gaba. Ba a matse su tas tun suna ɗanye ba.

Labarin Alan Webb ne ya fi tsaya mini a rai. Mutumin nan ya yi mil a 3:46.91 a Beljiyam a 2007, tarihin Amurka da ya shekara goma sha shida ba a taɓa ba. A ko'ina wannan ya isa a yi wa mutum kirari har tsufansa. Amma da yake bai samu gurbin zuwa Olamfik na 2008 ba, bai kuma taɓa cin lambar Olamfik ba, har yau akwai masu ambatonsa da ɗan jimami, kamar ɗan da aka kashe wa kuɗin makaranta ya dawo hannu rabbana. Bashin da aka rubuta masa yana ɗan shekara 18 ya fi ƙarfin abin da ɗan Adam zai iya biya.

A wajen 'yan mata lamarin ya wuce ɓacin suna, ya kai ga lafiyar jiki. Mary Cain tana da shekara 17 ta kai tseren ƙarshe na mita 1500 a gasar duniya ta Mosko a 2013. Ta bar hanyar tseren jami'a ta shiga ƙungiyar ƙwararru ta Nike a Oregon, ƙarƙashin koci Alberto Salazar. A 2019 ta fito a jaridar New York Times ta bayyana yadda aka yi ta matsa mata ta rage ƙiba, har al'adarta ta ɗauke na shekara uku, ta samu karaya biyar. Jikin yarinya yakan canza a shekarun balaga, saurinta ya ɗan ja baya na wani lokaci kafin ya dawo da ƙarfi. Kocin da agogo kaɗai yake kallo, wannan ja da baya zai ɗauka cuta ce, ya nemi maganinta a farantin abinci.

In da za a tambaye ni, tseren da na fi so cikin dukan na 2022 shi ne na Gary Martin, wani ɗalibi a Pennsylvania. Ya yi 3:57.98 a gasar makarantun yankinsu, ba zomo, ba ƙwararru, shi kaɗai a gaba tun daga farko, sanye da rigar makarantarsu, abokan karatunsa na ihu a bakin fili. Irin wannan nake so a yawaita, da tseren da ake yi don a ci, inda yaro zai koyi yadda ake fita daga matsi idan an rufe shi ta ciki, da yadda ake haƙuri da jinkirin zagayen farko. A tseren Olamfik ba a kawo zomo. Centrowitz ya ci zinarensa a minti 3 da daƙiƙa 50, lokacin da ɗimbin 'yan sakandaren yau za su iya yi a mita 1500, amma a daren nan babu wanda ya iya wuce shi.

Lutkenhaus ya sa hannu da Nike ya zama ƙwararre yana ɗan shekara 16, ga sauran karatun sakandare a gabansa. Ban ga laifinsa ba, wanda ya yi 1:42 ba shi da abokin karawa a cikin 'yan ajinsu, kuma kuɗi ba ya jiran kowa. Idan aka buɗe Olamfik a Los Angeles a 2028, shekarunsa 19 ne kacal. Hocker yana da 23 ya ci nasa, Centrowitz yana da 26.