Tseren Ɗan Galadima a bakin Nilu

In ana lissafa abin da Hausawa suka kai Sudan, allo da tawada ake fara ambata, sai noma da kamun kifi. Bori kuwa a tsallake shi, in ma an taɓo shi sai a ce shirmen zawarawa da 'yan daudu ne. Da wuya a samu mai wannan hukunci da ya taɓa tsayawa ya kalli hawa guda tun daga taɓa garaya har zuwa atishawa.

Tarihin sananne ne. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka riƙe mahajjata masu tafiyar ƙasa, wasu suka yi zamansu a garuruwa irin su Hajj Abdalla, tsakanin Madani da Sinnar. A can suka tarar da zar, bautar iskoki irin ta bori, wanda 'yan ƙasar ke kiran babban reshensa zar bori. Janice Boddy, da ta yi bincike a arewacin Sudan, ta samu rukunin iskoki da ake ce wa Fallata, sunan da ake kiran mutanen yamma da shi. Tun a 1914 ma Tremearne ya rubuta littafi a kan borin Hausawan Tunis da Tarabulus. Duk inda ayari ya sauka, iskokin Jangare sun sauka tare da shi.

Gwanintar tana cikin tsere, wato kayan da doki, mutumin da iska ke hawa, ke ajiye wa iskansa. A ɗauki Ɗan Galadima. Makaɗi zai kama takensa, masu buta su amsa, doki ya yi ta gumi har idonsa ya juye. Sai mataimaka su zura masa babbar riga, su naɗa rawani, su miƙa mafici da turare. Rigar kaɗai ba ta isa ba. Sai tafiya ta sauya ta koma ta ɗan sarki mai jan ƙafa, sai murya ta yi ƙasa, sai hannu ya saki kuɗi da goro ba tare da ido ya bi su ba, domin ɗan sarauta ba ya ƙirga kyauta. Doki mai rowa, ko da ya sa rigar da ta fi ta kowa tsada, 'yan kallo za su gane iskan bai zauna ba. Haka Malam Alhaji yake da tarinsa da duƙawarsa da tasbaha, haka Inna take da shanyayyen hannunta. Kowane iska yana da wuya da kafaɗa da numfashi nasa, kuma shekaru ake ɗauka kafin jiki ya iya su.

A nan ne 'yan daudu suka yi fice, kuma ba abin mamaki ba ne. Wanda ya iya ɗaurin zane da karya murya da tafa hannu irin na mata ya riga ya san cewa tafiya da magana abubuwa ne da ake koya. Fagen bori bai taɓa ɗaure jinsin iska da na dokinsa ba: Inna tana hawan namiji, Ɗan Galadima yana hawan godiya, babu mai ɗaga gira. Ɗan daudun da yara ke jifa da rana a bakin tasha, shi ne dattijo zai durƙusa gabansa da dare yana neman magani.

Wasu manazartan Turai, musamman masu bin I. M. Lewis, sun ce duk wannan hanya ce da marasa ƙarfi ke huce haushi. Bayanin ya yi arha. Mai huce haushi ba ya shiga girka ya kwana bakwai ko fiye yana shan jiƙo da turare, ba ya ɗaukar alkawarin yanka da zai bi shi har mutuwa. Abin da girka ke bayarwa shi ne tsari: iskan da ya kwantar da mutum ya koma mai tsaronsa, uwar girka ta zama uwa, 'yan bori su zama dangin da za su zo jinya da jana'iza. Rudolf Gaudio ya nuna a littafinsa na 2009 a kan Kano yadda 'yan daudu ke da iyayen ɗaki da 'ya'ya a tsakaninsu. Ga wanda gidansu suka yafe, wannan shi ne rufin asiri.

An matse fagen ta ko'ina. Gwamnatin Bashir ta hana zar a Sudan a farkon shekarun 1990, Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, kuma yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya tarwatsa ƙauyukan Jazira. Makaɗan da suka haddace taken kowane iska suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Malaman Hausa na jami'o'in Kano da Sakkwato da Khartum su je su naɗi abin da ya rage, su kuma rubuta rawar da 'yan daudu suka taka a ciki ba tare da sun goge ta ba.