Dorothée da harshen da ake yi wa yara magana da shi

A cikin wannan ɗan nazari za mu dubi aikin Frédérique Hoschedé, wadda aka sani da suna Dorothée, ta fuskar harshe. An haife ta a Paris a 1953. Jacqueline Joubert ce ta shigo da ita telebijin a 1973, ta kuma ba ta shirin Récré A2 na tashar Antenne 2 a 1978. Daga can ta koma TF1, inda ta riƙe Club Dorothée daga 1987 zuwa 1997. Silima kuwa taɓawa kawai ta yi: François Truffaut ya ba ta matsayin Sabine cikin L'Amour en fuite (1979), ta fito cikin Pile ou face na Robert Enrico (1980), sannan ta koma ga yara.

Sukar da aka fi yi mata ta shafi hoto ne. A 1989 Ségolène Royal, tana ƴar majalisa a lokacin, ta wallafa Le Ras-le-bol des bébés zappeurs, inda ta yi tir da duka da jinin da ke cikin finafinan zane na Japan da ake nuna wa yara. Ba mu ce sukar ba ta da tushe ba. Amma a ganinmu an tsaya ga abin da ido ke gani, an bar abin da kunne ke ji.

Mu ɗauki Ken le Survivant, wanda ya shigo shirin a 1988. Labari ne na kisa da ramuwa, ba don ƙananan yara aka tsara shi ba. Ƴan wasan da aka ba aikin ɗora masa muryar Faransanci ba su so shi ba, sai suka riƙa cusa barkwanci a bakin miyagun labarin. Sunan makarantar faɗa, Hokuto, da yake ya yi kama da couteau a kunnen Bafaranshe, ya zama «Hokuto de cuisine», wato wuƙar girki. Ke nan hoto na faɗin abu ɗaya, magana na faɗin wani. Wa ake yi wa wannan magana? Ba yaron da ke zaune ran Laraba, ranar da babu lakwal, yana bin labarin da zuciya ɗaya ba. Manya ne ke ƙyafta wa juna ido a bisa kansa.

Nan ne matsayin Dorothée ke da wuyar yanke wa hukunci. Ita kanta ba ta da wannan hali: tana yi wa yaro magana kai tsaye, ba da muryar malamin aji ba, ba kuma da maganar jarirai ba, kuma muna ganin wannan ne ya riƙe ta shekaru fiye da 20. Sai dai a TF1 muryar nan ta shiga hidimar kamfanin AB Productions, wanda shi ke shirya shirin, shi ke sayo finafinan, shi ke fitar da fayafayan waƙoƙinta (Jean-Luc Azoulay, ɗaya daga masu kamfanin, shi ne marubucin da yawa daga cikinsu). Amincewar da yaro ya ba ta, ita ce ta rako Ken har cikin ɗaki, kuma sunanta ne a kan shirin.

Muna ba ɗalibanmu masu nazarin fassara shawarar su jera maganar Japananci da ta Faransanci, kashi bayan kashi, su ƙidaya wuraren da aka sake ma'ana da kuma bakin wanda aka sa barkwancin.