Inuwar Giginya: Littafin M. G. Smith da Batun Kariyar Turawa a Zazzau

Cikin 1960 aka buga littafin M. G. Smith mai suna Government in Zazzau, watau tsarin mulki a ƙasar Zazzau daga 1800 zuwa 1950. Marubucin mutumin Jamaika ne, masanin zaman jama'a. Ya zauna Lardin Zariya cikin 1949 da 1950 tare da matarsa Mary Smith, wadda ta rubuta labarin Baba ta Karo. Har wa yau da wuya ɗalibin tarihin Zazzau ya wuce littafin nan bai leƙa ba. Abin da wannan takarda ta nufa shi ne duba kashinsa na ƙarshe, wanda ya shafi zamanin Turawa, a ga abin da ya bayyana da abin da ya bari a duhu.

Dole a fara da yabo, gama littafin ya cancanta. Smith ya bi sarautun Zazzau ɗaya ɗaya, na 'ya'yan sarki da na bayi da na barori da na malamai, ya nuna yadda gidajen sarauta huɗu, watau Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, suka yi ta karɓa-karɓa. Ya nuna kuma cewa kowane sabon sarki yakan tuɓe mutanen wanda ya gada ya naɗa nasa, kuma zuwan Turawa bai kashe wannan al'ada ba. Ganinsa mafi kaifi shi ne, da aka raba Zazzau da ikon Sakkwato, aka kuma hana yaƙi, sai sarki ya sami wani irin ƙarfi a kan hakimansa muddin Razdan yana bayansa. Wannan magana gaskiya ce. Amma fa tana jawo tambaya wadda littafin bai tsaya a kanta ba: don me Razdan yake bayan sarki, kuma wa ke biyan kuɗin wannan goyon baya?

Amsar tana farawa tun kafin Turawa su ga ganuwar Zariya. Cikin 1885 Joseph Thomson ya je Sakkwato da Gwandu da sunan kamfanin George Goldie, ya koma da takardun yarjejeniya waɗanda Ingila ta riƙa nuna wa Faransa da Jamus a kan cewa ƙasar ta shiga hannunta. Shekara guda bayan haka kamfanin ya sami izinin mulki, ya zama Kamfanin Neja. Da gwamnati ta karɓe mulkin ran 1 ga Janairu 1900, sai ta biya kamfanin fam 865,000, ta kuma yarda ya riƙa samun rabin kuɗin da take karɓa kan ma'adinai a wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Ashe abin da aka kira ƙasar kariya, daga hannun 'yan kasuwa aka saye ta, da sauran haƙƙinsu a ciki.

Yadda kariyar ta shigo Zazzau kuwa abin lura ne ƙwarai. Sarki Kwasau, ɗan Yero na gidan Barebari, ya hau gado cikin 1897 da ƙarfin 'yan bindigarsa, ba da son Wazirin Sakkwato ba. Da Turawa suka ci Kwantagora cikin 1901, Ibrahim Nagwamatse ya gudo arewa ya shiga kai hari ƙasar Zazzau. Kwasau ya nemi taimakon Gwamna Lugga. Cikin 1902 soja suka zo suka kama Nagwamatse, sa'an nan suka kafa bariki a Zariya, Kyaftin Abadie ya zama Razdan. Kafin shekarar ta ƙare Magajin Keffi, wakilin Zazzau a can, ya kashe Kyaftin Moloney ya gudu Kano. Turawa suka daina amincewa da Kwasau, suka ɗauke shi daga birninsa, daga baya aka kai shi Lakwaja, can ya rasu cikin 1907. Daga Zariya ɗin nan kuma rundunar Kanar Morland ta tashi ta ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903. Wanda ya kira masu ceto, shi aka fara raba da gadonsa, garinsa kuma ya zama sansanin yaƙar maƙwabcinsa.

Aliyu Ɗan Sidi na gidan Mallawa, wanda aka naɗa cikin 1903, ya karɓi sarauta bisa sharaɗin biyayya ga Sarkin Ingila da bin shawarar Razdan. Smith ya ba da labarin naɗe-naɗensa da tuɓe-tuɓensa dalla-dalla. To, amma cikin waɗannan shekaru ne kuma aka shimfiɗa abin da ya fi kowace sarauta canza zaman talaka. Ƙungiyar masu masaƙun Ingila mai neman auduga, wadda aka kafa a Manchester cikin 1902, ta sa ido kan Arewa don ta rage dogara da audugar Amurka. Saboda wannan buri, tare da bukatun mulki, aka ja hanyar jirgi daga Baro, ta bi ta Zariya, ta isa Kano cikin 1911. Aka kafa injin gurzar auduga a Zariya. Cikin 1914 ƙaramar hanyar jirgi ta tashi daga Zariya ta isa Bukuru wurin haƙar kuza. Ma'aikatan diga kuwa ta hannun hakimai da dagatai aka tara su daga ƙauyuka.

A nan ne ya kamata mai karatu ya bar fada ya fita gundumomin arewa, wajen Ikara da Maƙarfi da Kudan. Hanyar jirgin Kano ta ratsa wannan yanki, da tasha a Likoro da Gimi. Ƙasa ce ta auduga da rake tun da daɗewa, ga masaƙa ga marina, ga fatake masu kai kaya Kano. Manomin Gazara bai taɓa ganin takardar yarjejeniya ba. Abin da ya gani shi ne, hakimin da dā ke zaune birni yana aiko jakada, yanzu an turo shi ya zauna cikin gunduma. Harajin da dā ake biya da wuri ko da kaya, yanzu sai da kuɗin Turawa. Kuɗin Turawa kuwa a bakin sikelin kamfani ya fi samuwa. Daga wannan haraji ake raba kaso, wani ya tafi gwamnati, wani ya shiga baitulmali, daga baitulmali a biya sarki da hakimai albashi. Watau talaka ne ke biyan kuɗin kariyar da ake yi wa sarki, yana kuma biya da amfanin gonar da kamfani ke bukata.

Ba a ce talaka ya zama rago ba. J. S. Hogendorn, cikin littafinsa na 1978 kan asalin cinikin gyaɗa, ya nuna cewa da jirgi ya isa Kano manoma da attajirai gyaɗa suka zaɓa, ba audugar da Turawa suka sa rai ba, domin masaƙan gida sun fi kamfani biyan auduga da daraja. Amma gyaɗar ma Turai ta nufa, inda ake matse manta a yi sabulu da man shafa wa burodi. Cikin 1920 kamfanin sabulu na Lever ya saye Kamfanin Neja, cikin 1929 kuma aka haɗa shi da wani aka sami U.A.C. A shekarar 1920 ɗin nan ce aka tuɓe Aliyu Ɗan Sidi bisa waɗansu zarge-zarge, aka kai shi Lakwaja, ya rasu cikin 1924. Kamfani ya sake ubangida ya ƙara girma, sarki kuwa ya bi sawun Kwasau.

Da Smith ya ɗaga kai ya dubi waɗansu ƙasashe, da ya ga Zazzau ba ita kaɗai ba ce. Jaja na Opobo ya sa hannu kan yarjejeniyar kariya cikin 1884, amma ya ƙi sharaɗin buɗe kasuwannin manja ga Turawa. Cikin 1887 aka kama shi aka fitar da shi daga ƙasarsa. A bakin Tekun Fasha, Shaihu Khaz'al na Muhammara ya ba kamfanin man fetur na Ingila fili a Abadan cikin 1909, aka yi masa alkawarin goyon baya. Da Riza Khan ya yi ƙarfi a Tehran, Ingila ta ga mai zai fi tsaruwa a hannunsa, sai aka kama Shaihun cikin 1925 ba wanda ya tsaya masa. Sarakunan Kuwait, waɗanda suka shiga kariyar Ingila cikin 1899, sun daɗe a gadonsu, gama bukatar mai kariya ba ta taɓa rabuwa da zamansu ba. Ko man fetur ne, ko manja, ko man gyaɗa, ƙa'idar ɗaya ce: hanyar kaya ake tsaro, sarki kuwa ana riƙe shi muddin yana da amfani ga hanyar.

Ana iya kare Smith da cewa ya riga ya rubuta wani littafi dabam cikin 1955 kan tattalin arzikin garuruwan Hausawa na Zariya, don haka bai ga dalilin maimaitawa ba. Wannan uzuri yana da ƙarfi, amma shi ne ainihin aibin. Raba sarauta da kasuwa zuwa littafi biyu ya sa mai karanta na sarauta ya ɗauka rigimar gidaje huɗu ita ce ke juya ƙasa, alhali tun 1903 akwai hannu na biyar wanda ya fi su duka nauyi, shi kuwa lissafinsa a Liverpool da Manchester ake yi. Dokokin canjin mulki da Smith ya tsara a ƙarshen littafin sun fi dacewa da ƙarni na 19, lokacin da masu jayayya duk 'yan gida ne ko na Sakkwato.

Wanda zai sake rubuta wannan babi yana da abin aiki. Akwai takardun haraji na gundumomi a gidan ajiyar takardun tarihi na Kaduna. Akwai waƙoƙin Aliyu Ɗan Sidi kansa, har da wadda ya yi kan aikin diga, inda ake jin muryar wanda aka kare ɗin. Akwai kuma abin da tsofaffin Gimi da Hunƙuyi da Gazara suka ji daga iyayensu. Littafin Smith zai ci gaba da zama jagora ga mai son sanin wa ya riƙe wace sarauta. Mai son sanin wa ya ci moriyar kariya kuwa, sai ya tuna da abin da Hausawa suka ce game da inuwar giginya: na nesa ka sha ta.