Kalangun da Ba Ya Magana

A Illela, daf da Birnin Ƙonni, matasa masu haɗa waƙa a gida suna gardama: fiyanon Yamaha za a saya, ko FL Studio za a zuba a kwamfuta? Fiyano na da tsada amma yana bin yatsu. Manhaja ta fi araha, batirin laftof kuma na jure ɗaukewar wuta.

Mun saurari waƙoƙin bikin ɓangarorin biyu, aibinsu ɗaya: kalangun da ke cikin na'ura ba ya magana. Makaɗi kuwa matse shi yake a hammata, ya hau ya sauka da karin Hausa har ya kira sunan ango. A ganinmu, a fara sayen makirufo, a gayyato makaɗin unguwa tun bai jingine kalangunsa ba.