Rabin Gilchrist Suka Kwaikwaya

Lokacin da Manchester United ta rabu da David de Gea a 2023 ta ɗauko André Onana, an kwana biyu ana musu a gidan kallon da nake zuwa nan Dole Kaina. Wasu na cewa golan zamani sai ya iya raba ƙwallo da ƙafa, wasu na cewa to wa zai kama ta in ta taho? Na zauna ina sauraro, raina na can wani wasan da babu mai buga shi a garinmu. Wannan musun na riga na san shi a kurket, kuma a can ya girmi na ƙwallon ƙafa da shekaru.

A makaranta a Zariya na fara ganin kurket. Da yake ni gola ne, malamin wasanni ya miƙo mini safar hannu mai kauri ya tsugunar da ni bayan turaku uku, ya ce duk abin da ya wuce mai bugu nawa ne. Aikin ke nan. Mai jifa ya jefo, mai bugu ya kai wa ƙwallo duka da katakonsa, kai kuma kana bayansa. In ta goge gefen katakon ka cafe kafin ta taɓa ƙasa, ya fita. In ya baro layinsa ya kuskure, ka kaɗe turakun da ita, ya fita. A wasan kwana biyar, wanda shi ne babban mataki, ana jefa ƙwallo kusan 540 a yini, kuma kowace sai ka tsuguna mata ka tashi. Ƙwallon tauri gare ta kamar dutse, wani majefin kuma yana aiko ta da gudun kilomita 140 a awa ko fiye. Zango ɗaya na yi, yatsuna biyu suka kumbura, amma har yau in ina kallon wasa a waya, mutumin bayan turakun nake fara dubawa.

Can da, wanda ya fi kowa hannu shi ake ba wurin. In ya iya bugu, ƙari ne. Ian Healy na Ostareliya ya buga wasa 119 na kwana biyar, ya fitar da mutum 395, matsakaicin makinsa a bugu kuwa 27 ne da ɗoriya, kuma ba wanda ya ga gazawarsa. Shi ne ke karanta hannun majefinsu Shane Warne, ya san inda murɗaɗɗiyar ƙwallonsa za ta karkata tun ba ta sauka ba.

Sai Adam Gilchrist ya zo. A Nuwamban 1999 aka ajiye Healy aka sa shi, a Brisbane, garin da Healy yake buga wa jiharsa, har wasu 'yan kallo suka yi masa ihu. Ya ci 81. A wasa na biyu, a Hobart, Pakistan ta ɗora wa Ostareliya neman maki 369, mutum biyar sun riga sun fita, kowa ya fid da rai. Gilchrist ya shigo a na bakwai ya zuba 149 ba a fitar da shi ba, shi da Justin Langer suka ƙwato wasan. Tun daga wasansa na farko ya buga wasa 96 a jere bai tsallake ko ɗaya ba: maki 5,570, matsakaici 47 da ɗoriya, ɗari-ɗari sau 17. A Perth a 2006 ya cika ɗari da ƙwallo 57 kacal a kan Ingila. Ya ɗauki kofin duniya sau uku, 1999 da 2003 da 2007, a wasan ƙarshe na 2007 kuma ya ci 149 daga ƙwallo 104 a kan Sri Lanka.

Duk mai zaɓen 'yan wasa da ya ga haka ya koma gida yana neman nasa Gilchrist ɗin. Hankali ya koma kan katako, safar hannu ta zama abin da za a koya wa mutum daga baya. Ingila ce ta fi kowa nutsewa cikin wannan. A 2004 ta ajiye Chris Read, wanda hannunsa ba ya zuba, ta ɗauki Geraint Jones don bugu. A 2023, a gasar Ashes da Ostareliya, ta bar Ben Foakes a gida ta ba Jonny Bairstow safar, alhali bai daɗe da tashi daga mummunar karayar ƙafa ba. Damarmaki suka yi ta kuɓuce masa, Ingila ta faɗi wasa biyu na farko, na Edgbaston da ƙyar Ostareliya ta sha, aka tashi gasar biyu da biyu. A 2024 aka sake ajiye Foakes aka ɗauki Jamie Smith, wanda ko a ƙungiyarsu ta Surrey Foakes ne ke tsugunawa bayan turaku shi yana tsaye a fili.

Ba na musun cewa sauyin ya kawo alheri. Wanda ya ga mai tsaron turaku Rishabh Pant ya ci 89 a Brisbane a Janairun 2021 ya ba Indiya nasarar gasa, ba zai ce a koma zamanin da mai tsaron turaku ke shigowa don cika lissafi ba. A gajeren wasan T20 ma, inda ƙwallo 120 kawai kowane ɓangare yake samu, hujjar masu son bugu tana da ƙarfi, don ƙwallon ba ta cika isa bayan turaku ba. Inda nake jayayya shi ne dogon wasa, da kuma yadda aka fahimci Gilchrist ɗin kansa.

Mutumin nan ya fitar da 'yan wasa 416 a wasan kwana biyar, ya zarce Healy. Ya tsaya wa jifan Warne, ya tsaya wa na Glenn McGrath, ya tsaya wa gudun Brett Lee. Kuma a dubi yadda ya bar wasan. Janairun 2008, a Adelaide, ana karawa da Indiya, wata ƙwallo mai sauƙi ta goge katakon VVS Laxman ta zo masa, ya sake ta. Kafin a gama wannan wasan ya sanar da ajiye safarsa. Bugunsa na gajeren wasa bai mutu ba, domin ya ci gaba da bugawa a gasar IPL ta Indiya har ya ɗauki kofi da Deccan Chargers a 2009. Hannunsa ne ya ga ya fara makara, shi kuwa a wurinsa wannan ya isa dalili. Masu kwaikwayonsa sun ɗauki rabin da ake tafa wa, sun bar rabin da shi ya auna kansa da shi.

Dalilin ba boyayye ba ne. Maki ana rubuta su a allo kowa ya gani. Ƙwallon da aka saki kuwa ba ta da gurbi a takardar sakamako, kuma in wanda aka yi wa rai ya ƙara maki tamanin, a kan sunan majefi ake rubuta su. Haka abin yake a bakin kogin nan namu. In jirgi ya taso daga Lolo da lodi ya iso lafiya, ba wanda ke waiwayen mutumin da ke zaune a baya yana karanta ruwa, yana kauce wa tudun yashi. Sai ranar da jirgi ya dafe ake tambayar wa ke riƙe da shi.

Akwai kuma asarar da ake yi wa mai bugun kansa. Kumar Sangakkara na Sri Lanka, a wasannin da ya haɗa aikin biyu, matsakaicinsa 40 ne. Da aka sauke masa safar ya haura 66. Mutumin da ya wuni a tsugune cikin rana, gwiwa ta yi tsami, ba zai ɗauki katako da ƙarfin wanda ya huta ba. Gilchrist ya iya ɗaukar kayan biyu, amma irinsa ba a haifarsu kowace shekara.

Abin da ya sa nake damuwa da wannan daga nan bakin iyaka shi ne kurket ɗin Nijeriya yanzu yake tasowa. Matasanmu maza 'yan ƙasa da 19 sun je kofin duniya a Afirka ta Kudu a 2020, kuma yaran da ke koyo a makarantu T20 suke kallo a waya, inda kowa ke son ya ɗaga ƙwallo ta tsallake fili. Ina roƙon masu horarwa, in sun ga yaro ko yarinya mai taushin hannu da saurin ƙafa, su ba shi safar su bar shi da ita, ko da makinsa goma ne. Su ware masa lokacinsa na atisaye, su tsayar da shi dab da turaku ya koyi karanta hannun mai murɗa ƙwallo. A Janairun 2025, a Malesiya, 'yan matanmu 'yan ƙasa da 19 sun ci 65, New Zealand ta tsaya a 63. Maki biyu ne tsakani. Ƙwallo ɗaya da za ta kuɓuce wa mai tsaron turaku ta gangara har iyakar fili, maki huɗu ce.