Laifin Wa, Mai Dangwale Ko Mai Hatimi?

'Yar'uwa, ki tuna ranar Asabar 18 ga Maris, 2023. Mata a ƙauyukan Ɗambatta da Makoɗa suka bar tukunya a murhu, wasu da goyo, suka bi layi rana na dukansu don zaɓen gwamna. Aka ce Abba Kabir Yusuf ya ci.

Ranar 20 ga Satumba sai kotun ƙararrakin zaɓe ta zare ƙuri'a sama da 165,000 daga cikin nasa, ta ce Nasiru Gawuna ne gwamna. Dalili? Bayan takardun babu hatimi ko sa hannun malamin zaɓe. Kafin magariba magana ta cika tsakar gida da bakin rijiya: an kama maguɗi!

To ni a nan nake ja. Ban ce ba a maguɗi a ƙasar nan ba, ana yi wallahi. Amma maguɗi da gangan ake yinsa, a cusa ƙuri'ar da babu wanda ya kaɗa. Buga hatimi kuwa aikin ma'aikacin INEC ne, yana iya mantawa, yana iya yin sakaci. Baiwar Allah da ta dangwala yatsa, ita ke riƙe da hatimin? Don me za a zubar da wahalarta saboda sakacin wani?

Ranar 12 ga Janairu, 2024 Kotun Ƙoli ta mayar da ƙuri'un, domin ba a nuna cewa takardun na bogi ne ba. Kusan wata huɗu aka yi ana zaman ɗar-ɗar, har da dokar hana fita.

Ni dai zaɓe mai zuwa sai na juya takardata na ga hatimi kafin in dangwala.