Waƙa da Shugabancin Mata: Nana Asma'u da Subramaniya Bharati

Manazarta sun saba auna rubutacciyar waƙa da ma'aunin zubi da tsari da adon harshe. Idan aka ɗora waƙoƙin Hausa na Nana Asma'u 'yar Shehu (1793-1864) bisa wannan ma'auni kaɗai, sai a ce ba su cika ado ba. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa da gangan ta sauƙaƙa harshenta, kuma a nan ƙarfin waƙoƙin yake. Kwatanta ta da wani sha'iri na kudancin Indiya zai ƙara fito da batun fili.

Subramaniya Bharati (1882-1921) shi ne jagoran sabuwar waƙa a harshen Tamil. Ya sauko da waƙa daga tsauraran kalmomin masana zuwa harshen talakawa, ya kuma ɗauki ilimin mata da darajarsu a matsayin babban jigo. Ya yi aikin edita a Chakravartini, mujallar mata ta birnin Madras, ya soki aurar da ƙananan yara. A waƙarsa "Pudumai Pen", wato sabuwar mace, ya zayyana macen da yake burin gani, mai ilimi, marar tsoro. Abin lura shi ne, namiji ne ya ƙago wannan mace, kuma ta jarida da littafi ta isa ga jama'a.

Asma'u kuwa matan da ke raye ta ɗora bisa aiki. Daga wajejen shekarun 1830 ta tsara 'Yan Taru, inda take naɗa dattijuwa Jaji, ta ba ta malfa da jan rawani, ta koya mata waƙoƙi ta kai ƙauyuka. Waƙar da za a haddace, a rera ga matar da ba ta karatu, dole baitinta ya zama mai sauƙin kamawa. A "Tawassuli ga Mata Masu Albarka" ta jero matan Annabi (SAW) da Rabi'atul Adawiyya, sa'annan ta haɗa da matan Jama'a na zamaninta. Wannan jeri shi kansa hujja ce, domin ya nuna wa mai sauraro cewa malanta da shugabanci gadonta ne. Saboda haka kuskure ne a fassara Asma'u da ma'aunin 'yancin mata na Turai, kamar yadda yake kuskure a raina salonta.

Batun yana da tushe a Zamfara. A shekarun da Shehu ya yi yana wa'azi a can, Malam Mustafa Goni ya soki halartar mata majalisinsa, Abdullahi ɗan Fodiyo ya mayar masa da amsa cikin waƙa, yana mai nuna cewa barin su cikin jahilci ya fi muni.

Tarihin kwanan nan ya gaskata shi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, musamman a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da 'Yargalma, inda ake daka duwatsun zinariya a cikin gidaje. Sanin da zai tsare yaran nan uwaye ne suka fi bukatarsa, su ne kuwa takarda ba ta isa gare su.

A taƙaice, malamin adabi a Anka ko Gummi ko Bukkuyum da ke koyar da waƙoƙin Asma'u bai kamata ya tsaya ga amsa-amo da kari ba. Ya kyautu ya tambayi ɗalibansa wace ce ta ɗauki waƙar, wa aka rera wa, kuma wace ce Jajin da za ta shiga gidajen nan a yau.